Yarana suna rera duk abin da ke allo amma ba su iya karatu ba, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni sabuwar malama ce, bana aka ɗauke ni aiki aka ba ni aji biyu na firamare, yara 94 ne a rajista. In na rubuta abu a allo na karanta suna bi da ƙarfi har ajin kusa suna ji, amma in na kira yaro shi kaɗai na nuna masa kalma sai ya yi tsit. Ga surutu, ga makara, kafin na samu su natsu rabin lokacin ya tafi. Dan Allah ta ina zan fara?

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sa albarka a aikin, kuma sannu da ƙoƙari. Tun da har kin lura da kanki cewa bin bakinki da suke yi ba karatu ba ne to kin riga kin gano ciwon, don wallahi akwai malaman da suka yi shekara da shekaru a aji ba su taɓa kiran yaro ɗaya gefe sun gwada shi ba, in dai ajin ya ɗauki amo shikenan a ganinsu an koyar. Na yi shekaru masu yawa ina koyar da ƙananan azuzuwa kafin na koma horar da malamai, kuma abin nan da kika faɗa shi na fi gani a duk inda na shiga.

Kar ki ɗauka yaranki ne daƙiƙai, kuma kar ki ɗauka ke ce kika gaza. Akwai wani gwaji da ake kira EGRA, ana zama da yaro shi kaɗai a ba shi baƙaƙe da kalmomi da ɗan gajeren labari a ga abin da zai karanta cikin minti ɗaya. An yi shi da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato tun wajen 2011, aka tarar mafi yawan yaran da aka gwada ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa, da harshen da suke magana da shi a gida fa. Bankin Duniya ma a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan sauƙaƙƙen labari su fahimta. Kin ga ashe ciwon na gari ne. Amma yana da magani, kuma maganin ba kuɗi yake ci ba sosai, tsari yake ci da naci.

Abin da ke faruwa a ajinki shi ne yara suna da kaifin kunne da saurin hadda, ki faɗi jimla sau uku sun riƙe, idonsu ma ba ya kan allon, yana kan bakinki ko kan taga. To hadda daban, karatu daban. Karatu shi ne yaro ya ga baƙin da wasalin ya san sautin da kowanne yake ɗauke da shi, ya haɗa su da kansa ya fitar da kalmar da bai taɓa gani ba. In kina son ki tabbatar gobe ki rubuta "Nana tana dafa nama" su rera, sannan ki goge ki rubuta "nama" kawai a wani gefen allon ki nuna, za ki ji wasu sun ce Nana.

Amma kafin mu zo kan baƙaƙe bari na fara da tsarin aji, don a aji mai yara 94 in babu tsari babu darasin da zai shiga ko da kin fi kowa iya koyarwa. Yi lissafin nan: in kullum minti 10 ne ke tafiya wajen "ku yi shiru" da neman fensir da rabon faɗa, a sati minti 50 kenan, a zangon karatu na sati 12 awa 10 cur, wato kamar darasi 17 na minti 35 sun bi ruwa ba wanda ya koyi komai. Ke kuma kin ce rabin lokacin ne ma ke tafiya.

Abin da nake gaya wa malamai shi ne tsarin aji koyar da shi ake yi kamar yadda ake koyar da lissafi, ba faɗa ake yi sau ɗaya a wuce ba. Ki ware sati biyu, ki sa a ranki cewa babban darasinki a satuttukan nan shi ne yadda ake shiga aji, yadda ake zama, yadda ake raba littafi, yadda ake yin shiru. Ki nuna da kanki, ki sa yara uku su gwada a gaban kowa, sannan duk aji su yi, in bai yi ba a sake ba tare da tsawa ba. Za ki ga kamar ɓata lokaci kike yi, hedimasta ma zai iya leƙowa ya ce ina darasi, ki yi masa bayani, lokacin nan zai dawo miki ninkin ba ninkin.

Ki raba ajin layi-layi, ko a benci suke ko a tabarma, kowane layi ki ba shi suna, layin zaki, layin giwa, layin barewa, layin raƙumi, haka dai, kowane yaro ya san wajen zamansa kuma nan zai zauna kullum. Kowane layi da monitansa, ki riƙa canja su duk sati biyu don kowa ya ɗana, mata da maza. Monitan layi shi ke ɗauko littattafan layinsa ya raba ya tattara, shi ke riƙe gwangwanin fensir, shi zai gaya miki waye bai zo ba yau. Kin ga maimakon ki tsaya kiran suna 94 ɗaya bayan ɗaya ana ta hayaniya, cikin minti biyu kin cika rajista. Maganar fensir kar ki raina ta, in kika bari kowa na tafiya gida da nasa to kullum kashi ɗaya cikin uku ba su da abin rubutu, gara a ajiye su a aji a feƙe tun kafin a tashi kullum.

Sai alamar shiru. Kar ki riƙa buga tebur da sanda kina ɗaga murya, muryarki ba za ta kai azahar ba kuma yara sabawa suke yi. Ni abin da ya fi yi mini aiki shi ne abin da kowane ɗan Bahaushe ya sani tun yana goye, sai na ce "ga ta nan ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", ƙa'idar ita ce suna gama amsawa hannu ya koma cinya ido ya dawo kaina baki ya rufu. In akwai masu magana ba na ci gaba, tsayawa nake yi ina kallonsu, sai na yaba wa layin da ya fara natsuwa, "layin barewa sun shirya, madalla", nan da nan sauran za su bi sahu. Ki riƙe alama ɗaya kar ki yi ta canjawa.

Masu makara kuma, dan Allah kar a tare su da bulala a bakin ƙofa. Ki bincika za ki ga wata sai ta kai tallan koko ko ƙosai kafin ta zo, wani daga makarantar allo ta safe ya taho, wani ruwa aka aike shi ɗebowa. In ya san duka ke jiransa gobe ba zai zo ba gaba ɗaya. Ki koya musu cewa wanda ya makara ya yi sallama a hankali ya wuce wajen zamansa, maganar dalili sai an fita tara. In za ki iya ki roƙi hedimasta a sa darasin karatu ya zama na biyu a jadawali ba na farko ba, lokacin kowa ya hallara kuma rana ba ta yi zafi ba yunwa ba ta fara ba. Bulala gaba ɗayanta ma a darasin karatu illa take yi, domin koyon karatu sai da kuskure da babbar murya, yaron da ke tsoron a dake shi in ya yi kuskure zai zaɓi ya yi shiru ko ya ɓuya cikin amon jama'a, abin da kike kuka da shi kenan.

Toh yanzu karatun kansa.

Abu na farko, ki san inda kowane yaro yake. Ki yi takarda ɗaya, a sama baƙaƙe da wasula guda 10 a hargitse ba bisa jeri ba, ƙasa gaɓoɓi, ƙasa kalmomi biyar, ƙasa jimloli huɗu, can ƙasa ɗan labari. Kullum ki kira yara kamar 20 ɗaya-ɗaya, lokacin tara ko lokacin da sauran ke wani aiki, minti ɗaya ko biyu ya ishi kowanne, ki rubuta a gaban sunansa inda ya tsaya. Cikin sati kin gama. Wannan dabarar ta rarraba yara bisa abin da suka iya ba bisa ajin da suke ba wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham ta yaɗa ta, kuma an kawo ta nan Arewa an yi aiki da ita a jihohi irin su Borno. In kin gama sai ki gyara zaman, waɗanda ba su san baƙi ko ɗaya ba su dawo gaba kusa da ke da allo, ba can baya inda suka saba ɓuya ba. A nan ne ma za ki gano mai matsalar ido da mai nauyin kunne, in kin ga yaro na runtse ido ko yana karkato kai ki sanar da iyayensa.

Sannan ki daina fara musu da waƙar ABCD. Na san iyaye na jin daɗi in yaro ya je gida yana rerawa, amma sunayen haruffan Turanci ne, kuma rikita mai koyon Hausa suke yi. A waƙar nan harafin a ana kiransa "e", harafin e ana kiransa "i", harafin i ana kiransa "ai", harafin c ana kiransa "si". To yaron da ya haddace haka ki ba shi kalmar "ci" ya karanta, me zai ce? Ga p da q da v da x da ba ma amfani da su a kalmomin Hausa, sannan babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y, babu ts da sh. Sautin harafi za ki koyar, mmm, nnn, sss, a, i, u, yadda yake fita in ana magana.

Mu Hausawa mun yi sa'a a nan, rubutunmu na boko kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya zai yi sauti uku. Gaɓar Hausa kuma siga uku gare ta kacal, baƙi da wasali kamar "na", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "kai" da "sau", sai baƙi wasali baƙi kamar "kan". Yaron da ya gane yadda ake haɗa baƙi da wasali ya riƙe mabuɗin, sauran duk maimaici ne. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ai a makarantar allo haka ake yi tun kaka da kakanni, a fara da babbaƙu, yaro ya san haruffan zalla, sannan a shiga farfaru a ɗora musu wasula, kafin a zo haɗa kalma. Kalmomin baƙi da wasali ɗin ma daga can muka gado su. In kika ce wa yara yau farfarun boko za mu yi, da yawansu za su gane nan take.

Kar ki bi jerin a, b, c. Ki fara da haruffan da suka fi yawan fitowa kuma suke saurin ba da kalma. Misali satin farko a da n da k kawai. Da waɗannan ukun kin samu na, ka, nan, kan, kana, Nana, kaka, har da jimla, "Nana na nan", "kaka na nan". Sati na biyu ki ƙara m da i, ga mama, nama, kama, kina, mini. Ki ƙara s da t, ga sama, masa, tana, tasa, "Nana ta kama masa". Baƙi biyu a sati ya isa, uku in suna saurin ɗauka tunda aji biyu ne. Ranar da yaro ya haɗa "na" da "ma" da kansa ya ji bakinsa ya ce nama, ki kalli fuskarsa, wallahi wannan hasken shi ya riƙe ni a aikin nan duk da ƙarancin albashi.

Darasin kuma ya zama siga ɗaya kullum, har yara su san abin da ke biye ba sai kin faɗa ba. Yadda nake yi a minti 35, ana shiga mu yi gaisuwa da 'yar waƙa, sai minti biyar na wasan kunne babu rubutu, na faɗi kalma su tafa gaɓoɓinta, ma-ka-ran-ta tafi huɗu, ko na ce wanne ne ya fara da mmm, masa ko nama, ko a tafa sunayensu, wannan suna so sosai, kowa na jira a zo kan nasa. Daga nan bitar haruffan baya da kati, a hargitse, da sauri. Sai sabon harafi da haɗa gaɓa kamar minti 10, kuma a nan ƙa'idar ita ce ni na yi ku gani, mu yi tare, ku yi da kanku. Matakin ƙarshen nan shi malamai ke tsallakewa, su tsaya a mu yi tare har a kaɗa ƙararrawa. In an zo ku yi da kanku ki rufe bakinki ruf, ki nuna da sanda kawai, ki kira layi guda, sannan mata kaɗai, sannan maza kaɗai, sannan yaro ɗaya-ɗaya, kuma ba masu ɗaga hannu kawai ba. Ki nuna daga ƙasa zuwa sama, ki tsallaka, ki dawo, don kar hadda ta samu wajen shiga. In yaro ya kakare ki ba shi lokaci, ki ƙirga biyar a zuciyarki, ki hana sauran faɗa masa, ki ce mene ne sautin farko, sai na biyu, to haɗa.

Bayan nan karatun biyu-biyu, kowa ya juya ga abokin zamansa, ɗaya na karantawa da yatsa a ƙarƙashin kalma ɗaya na bi, sai su canja. Ajin zai yi ƙara amma ƙarar aiki ce, kuma ita ce kaɗai hanyar da yara 94 kowa zai buɗe baki ya yi karatu a rana ɗaya. Ke kuma kina zagayawa kina tsugunawa wajen na gaba.

Sai shifta, kullum, ko da kalma uku ce da jimla ɗaya. A nan nake yawan saɓawa da malamai, don da yawa sun ɗauka kwafe allo shi ne rubutu. Yaro zai iya cika littafi da kwafi mai kyau kamar zane bai san me ya rubuta ba. Shifta kuwa ki faɗi "kama" allo a goge, dole ya saurari sautin ya nemo harafin a kansa, wato karatu ne aka juyo ta baya, kowanne na ƙarfafa ɗan uwansa. In akwai ƙananan alluna su rubuta da alli su ɗaga sama gaba ɗaya in kin ƙirga uku, da kallo ɗaya kin ga wa ya gane. In babu, kwalin taliya a yanka a shafa baƙin fenti ya wadatar, in ma wannan babu a fita tsakar makaranta a rubuta a ƙasa da tsinke, na sha yi. Duba littafi kuwa kar ki kashe kanki da 94 kullum, layi ɗaya ko biyu a rana, a sati kin zagaye kowa.

Wasu abubuwa da za ki ci karo da su a rubutun. Akwai masu farawa daga dama zuwa hagu, ba wata matsala ba ce, hannunsu ya saba da allo ne, ki sa musu ɗan ɗigo a gefen hagu ki ce boko daga nan yake tashi. Akwai masu juya b da d, wannan kusan kowane yaro na yi a farko, maganinsa kar ki koyar da su a sati ɗaya, ki bari ɗaya ya zauna daram kafin ki kawo ɗayan, haka ɓ da ɗ. Bahago kuma ki ƙyale shi da hannunsa, ki zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kar gwiwar hannu ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Tsakanin kalma da kalma a sa yatsa ɗaya.

Haruffa masu lanƙwasa ina roƙonki ki ba su haƙƙinsu, don waya ta sa mutane sun yi watsi da su. Tun shekarun 1930 aka shigo da su rubutun Hausa saboda akwai buƙata, baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kare da ƙare, bata da ɓata, gada da gaɗa. Ki rubuta su biyu-biyu a allo ki sa yara su nuna da jikinsu, wannan su taɓa baki, wannan su nuna baƙin allo. Ki kawo musu karya harshen nan na da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto, za su yi ta dariya kuma kunnensu na koyon bambanta k da ƙ. Haka ninkin baƙi, baba da babba, kuna da kunna, daba da dabba, a tafa a ji inda gaɓar ta rufe, bab-ba. Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gy, kw, gw, ƙw ki bar su sai gaba, kuma ki koyar da kowanne a matsayin sauti ɗaya.

Akwai wani abu a rubutunmu da ya sa ba zai yiwu ki tsaya kan kalmomi zalla ba. Ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutu, don haka "kuka" kaɗai ba ki san na yaro ba ne ko na miya, "gari" na zama ne ko na tuwo, "wuya" ta wahala ce ko na jiki, "fari" launi ne ko rashin ruwan sama. Jimla ce ke warwarewa. Shi ya sa tun satin farko nake so yaro ya riƙa karanta jimla mai ma'ana, kuma duk jimlar da aka karanta ki yi tambaya a kanta, waye ya kama, me aka kama. Su sani tun yanzu cewa rubutu magana ce aka ajiye a takarda.

Minti biyar ɗin ƙarshe, ko wani lokaci daban in kin samu, ki karanta musu labari ke da kanki, ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki ce me kuke jin zai faru, me ya sa ya yi haka, ki zaɓi kalma biyu sababbi ki yi bayaninsu. Wannan ba hutu ba ne, nan ake gina kalmomi da fahimta. A Amurka wani kwamiti da aka kafa kan koyar da karatu ya fitar da rahoto a 2000 ya ce ginshiƙai biyar ne, jin sautuka a cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. In kin duba darasin nan duk biyar ɗin na ciki. Yaran da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kamar 'ya'yan Fulani da ke zuwa daga ruga, su suka fi buƙatar wannan ɓangaren, ki haɗa su zama da mai jin harsunan biyu. Wanda kuma ya zo da karin harshen garinsu, ya ce hwari ko hwara, kar ki bari a yi masa dariya, ki ce haka ake faɗa a garinku kuma daidai ne, a littafi ga yadda ake rubutawa.

In babu littattafai, kati da kwali da maka sun isa farawa, murfin kwalbar lemo ma ana rubuta harafi a kai yara su jera su yi kalma. Ki rubuta gajerun labarai da kanki da haruffan da kuka riga kuka yi, jimla huɗu ko biyar, ki manna a bango. Akwai kuma shafin African Storybook a intanet da ke da ƙananan labaran yara da Hausa kyauta, sai dai ki duba rubutun kafin ki kawo aji don wasu akwai kurakurai. Ki tambayi hedimasta ko akwai littattafan da SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ta kawo suna kulle a kabad, sau da yawa akwai, tsoron kar su yage ne ya sa aka ɓoye, alhali littafin da ya yage a hannun yaro shi ne ya yi aikinsa.

Iyaye za su zo su ce su Turanci suka kawo ɗansu ya koya, ki saurare su da mutunci don damuwarsu gaskiya ce, jarabawa da Turanci ake yi. Manufar gwamnati ma kan harshen koyarwa ta sha canjawa, ta 1977 ta ce harshen gida a shekarun farko na firamare, a 2022 aka ce duk shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma aka sanar da komawa Turanci. Amma yadda yaro ke koyon karatu bai canja ba, sau ɗaya ake koyon haɗa harafi da sauti a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da kake ji. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare Turanci na matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Don haka a darasin Hausa ki koya musu karatu sosai, a darasin Turanci ki cika musu kunne da magana da waƙa da sunayen abubuwa, in hannu ya faɗa a Hausa sai ki nuna musu inda sautukan Turanci suka bambanta. Hujjar da ta fi gamsar da uba ita ce ɗansa ya dawo gida ya karanta masa saƙon da aka turo a waya.

Ƙa'idojin raba kalma, irin su "yana" a haɗe, "gidansa" a haɗe, "shi ne" a rabe, "ba ni" a rabe, kar ki takura musu da su yanzu, ke dai ki tabbata abin da kike rubutawa a allo daidai ne don idonsu na ɗauka, bayanin sai aji uku. Aya da babban baƙi a farkon jimla da farkon suna sun isa bana.

Ki shirya wa ranar kasuwa da lokacin girbi, ajin zai ragu, kar ki kawo sabon harafi a irin ranakun, bita za ki yi. Juma'a ma tunda gajeriyar rana ce ki mai da ita ranar bita da labari. Waɗanda suka riga suka iya karatu, za ki samu kamar goma ko sama da haka, kar ki bar su zaune suna gundura su ne za su fara tsokana, ki ba su labarin bango su karanta su rubuta nasu jimlolin, wani lokaci su zauna da na baya su taimaka amma ba kullum ba, su ma suna da haƙƙin ci gaba.

Ranar Litinin ki fara da layuka da monitoci da alamar shiru, a satin ki yi gwajin ɗaya-ɗaya ki adana takardar da kyau. Bayan sati shida ki sake gwajin da wata takardar mai irin wahalar amma kalmomi daban, ki jera sakamakon biyu gefe da gefe. In kin ga wasu ba su motsa ba ko kaɗan, ki ware musu minti 10 lokacin tara sau uku a sati, su biyar-biyar, da murafen kwalba a kan tabarma, ku koma kan a da n da k. Ki turo mini abin da kika samu a gwajin farkon, yara nawa ne a kowane mataki, sai mu tsara jerin haruffan zangon tare. Allah ya taimaka, ya ba ki ladan yaran nan.